Tarakta da Motar Gida: Yadda Ake Kula da Kowacce

Mai mota yana duba kilomita, mai tarakta kuwa awa yake dubawa. Corolla ko Hilux da ta taso daga Kano zuwa Zariya ba ta amfani da duk ƙarfin injinta, kuma iska tana dukan lagiretonta tun daga fita har isa. Tarakta tana wuni tana jan haro a gudun da bai wuce kilomita 6 ko 7 a awa ba, inji yana juyawa kusan sau 2,000 a minti, kaya ya danne ta, ƙurar da ta tayar da kanta tana lulluɓe ta. Ba ta yi nisa ba, amma ta sha aiki. Shi ya sa kamfanoni suka sa mata agogon ƙirga awa, kuma duk abin da za a yi mata, daga juye har giris, da wannan agogon ake lissafa shi.

Ga lissafi mai sauƙi. A yawancin taraktocin da ake gani a gonakinmu, irin su Massey Ferguson 375 da Steyr ɗin da aka riƙa harhaɗawa a Bauchi da tsofaffin Fiat, ana juyen baƙin mai a wajen awa 250. Motar da ke tafiya a matsakaicin gudun kilomita 40 a awa, in ta yi awa 250 tana kan hanya, ta ci kilomita 10,000. Taraktar haya da ke aikin awa 10 a rana a farkon damina za ta cika wannan adadi cikin kwana 25. Wanda ya saba da yi wa motarsa juye bayan wata uku ko huɗu, in ya ɗora tarakta a kan wannan tsarin, zai bar ta ta zarce lokacinta ninki biyu ko uku bai sani ba. Idan agogon ya mutu, gyara shi ne aikin farko. Kafin a gyara, a sayi littafi a ajiye wa direba ya riƙa rubuta lokacin da ya tayar da lokacin da ya kashe.

Akwai kuma bambancin da ba na ƙarfe ba. Mota in ta lalace, sai ka hau ta haya ka je harkarka. Tarakta in ta kwanta a watan Yuni, ruwa ya sauka, ƙasa ta yi taushi, manoma sun biya kuɗin haro suna jira, mako biyun da za a yi ana neman kaya a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba ya dawowa. Don haka gyaran tarakta na gaba ne, ana yin sa tun kafin abu ya lalace.

Duban safiya

Mota tana iya yin mako ba a buɗe bonet ba, ba abin da zai faru. Tarakta kullum ake duba ta kafin a tayar, kuma minti goma zuwa sha biyar sun isa.

A fara da ƙasan inda ta kwana. Ɗigon baƙi baƙin mai ne, mai ruwan zuma mai kauri na giya ne ko haidrolik, wanda ke da wari kuma ya yi saurin bazuwa gas ne. Daga nan a zare ma'aunin baƙin mai, a goge, a mayar, a sake zarewa, tarakta tana tsaye a wuri mai daidaito. Mai ya tsaya tsakanin layi biyun. Idan ka ga mai yana ƙaruwa ba wanda ya ƙara, kada ka yi murna: ko gas ne yake zurarewa cikin inji ta famfo ko nozul, ko ruwa ne yake shiga. A shinshina, a murza a yatsa.

Sai ruwan lagireto, inji yana sanyi. Sai fambel: a danna tsakiyarsa da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Idan ya yi sako-sako, fanka ba za ta ja iska sosai ba, batir ba zai yi caji ba. Idan ya yi tsauri ainun, zai cinye boris ɗin famfon ruwa da na altaneta. Sai a juye kwanon ƙurar da ke saman bututun shan iska, a tsiyaye ruwan da ya taru a gindin filtar gas, a zagaya tayoyi ana duba iska da notuna. Notin tayar baya da ya kwance yakan faɗaɗa ramin rim har ya zama ƙwai, daga nan sai sayen wani rim ɗin.

Na ƙarshe giris. Motocin gida na yanzu kusan ba su da kan giris ko ɗaya, gaɓoɓinsu a rufe suke, in sun mutu a canza. Tarakta tana da su da yawa: fil ɗin da aksul ɗin gaba yake lilo a kansa, sandunan da tayoyin gaba ke juyawa a kai, gaɓoɓin sitiyari, sandar kuloci da ta birki, hannayen ɗaga garma, da boris ɗin fayafayan haro. Waɗanda ke cikin ƙura da laka ana ba su kowace awa 10, sauran kowace awa 50. A goge kan kafin a ɗora bindigar giris, in ba haka ba yashin da ke bakinsa ne za a tura ciki. A matsa har sai tsohon giris ya fara fitowa. Kan da ya ƙi karɓa toshewa ya yi, a kwance shi a wanke ko a canza, kada a tsallake shi.

Iska, inda taraktoci suka fi mutuwa

Inji mai lita 4 da ke juyawa sau 2,000 a minti yana zuƙar iska kusan lita 4,000 kowane minti, wato wajen lita 240,000 a awa. Ka ɗauki wannan ka kai shi busasshiyar gona a watan Afrilu, ko wurin casar shinkafa da hunturu. Ƙurar nan yawancinta garin yashi ne, kuma idan ta haɗu da mai a jikin silinda sai ta zama kamar sanfefa, tana goge ringi da silinda a hankali. Injin da ya kamata ya yi dubban awoyi sai ka ji yana shan mai yana hayaƙi a damina ta biyu. Motar gida tana iya yin kilomita 15,000 da filtar iska ɗaya. Tarakta a lokacin ƙura, filtarta abin dubawa ne kullum.

Filtar iska iri biyu ake da su. Ta farko ita ce mai kwanon mai a ƙasa, wadda ke kan tsofaffin taraktoci da wasu sababbi. A kwance kwanon, a zubar da man, a kwashe taɓon da ya kwanta, a wanke da gas, a zuba sabon baƙin mai daidai layin da aka zana. Idan ya wuce layi, inji zai zuƙi man. Idan bai kai ba, ƙura za ta wuce. Kada a zuba tsohon man juye a ciki da sunan tattali, domin ya riga ya cika da datti. Ragar da ke sama ita ma ana wanke ta da gas lokaci-lokaci, a bar ta ta tsane sarai kafin a mayar.

Ta biyu ita ce ta takarda, mai babba a waje da ƙarama a ciki. Ta waje ake tsabtacewa, ta hanyar hura mata iska daga ciki zuwa waje, da ƙarfi kaɗan. Littattafan kamfanoni da yawa sun ce kada a wuce psi 30 a ma'aunin ƙarfin iska. Abin da aka saba gani shi ne direba ya ciro ta ya riƙa maka ta a jikin taya, wannan yana lanƙwasa bakinta ya tsattsage takardar. Bayan an hura, a shiga inuwa a saka tocila a cikinta. Idan haske ya fito ta wani rami ko da kamar tsinin allura ne, ta gama aiki. Ƙaramar ta ciki ba a hura ta, ba a wanke ta, ba a ma cire ta sai ranar canji. Idan ka ga ta yi datti, alama ce ta wajen ta fashe. A kuma bi tiyon da ya tashi daga filta zuwa inji da hannu, a matse kilif ɗinsa. Filta sabuwa ba ta da amfani idan tiyon bayanta ya tsage.

Gas

Mota takan sha mai kai tsaye daga gidan mai. Tarakta kuwa a jarka ko duro ake kai mata gona, kuma a wannan tafiyar ne ruwa da tsatsa da yashi ke shiga. Famfon injekta irin mai juyawa, wanda ke kan injin Perkins na Massey Ferguson da yawa, ba shi da wani man shafawa sai gas ɗin da ke ratsa shi. Ruwa yana sa shi tsatsa, gas ɗin da aka gauraya da kananzir kuma ba shi da santsin da zai kare shi. Kuɗin gyaran famfon nan da nozul huɗu ya fi ƙarfin duk rangwamen da za a samu wajen 'yan bumburutu.

A ajiye duro a kwance a inuwa, gindinsa ya ɗan yi ƙasa, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu kafin a fara ɗiba, don ruwa da datti su kwanta. Kada a tsotse shi har ƙasa. A zuba da mazurari mai raga, ba da tsumma ba, domin zaren tsumma yana bin mai. Duron da aka yi wa rufin tutiya a ciki bai dace da gas ba. A cika tankin tarakta da yamma bayan an tashi aiki: tankin da ya kwana rabi, iskar cikinsa tana yin gumi idan dare ya yi sanyi, gumin ya gangara cikin mai. Filtar gas ana canza ta a wajen awa 500, ko da wuri idan inji ya fara rasa ƙarfi a kan kaya.

Bayan canjin filta, ko idan gas ya ƙare tarakta ta mutu, iska ta shiga layi, sai an fitar da ita. Motar fetur ba ta san wannan matsalar ba, shi ya sa direban da ya taso daga mota yakan tsaya yana murza makulli har batir ya mutu. Ga yadda ake yi a tsofaffin injuna. A zuba gas, a buɗe famfon tanki. A sassauta notin fitar da iska da ke kan filta, a riƙa danna hannun ƙaramin famfon da ke gefen inji har gas ya fito ba kumfa, a ɗaure. Idan hannun ya yi sakwaf ba ya turo komai, a ɗan juya inji zagaye ɗaya a sake gwadawa. Sai a koma jikin famfon injekta a yi haka da notunansa, na ƙasa kafin na sama. Daga nan a sassauta bututu biyu a bakin nozul, a buɗe totur, a murza makulli har gas ya fara fesowa, a ɗaure, a tayar. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 a lokaci ɗaya, a bar kik ya huce tsakani. Wannan mataki na ƙarshe ba a yin sa a sababbin injuna masu kwamfuta, irin na Hilux ɗin yanzu da manyan taraktocin zamani, domin ƙarfin gas a bututunsu ya haura bar 1,500 a ma'aunin matsi, yana iya huda fatar mutum.

Juye, da man da ba na mota ba

Baƙin man tarakta na injin gas ne, galibi 15W-40, wanda a jikin galan ɗinsa za ka ga harafin C, kamar CH-4 ko CI-4. Wanda ke da S kaɗai, kamar SL ko SN, na motar fetur ne, ba a yi shi don ɗaukar baƙin hayaƙin gas ba. Sabuwar tarakta ko wadda aka yi wa aikin inji, juyen farko a awa 50 ne, saboda ɓurɓushin ƙarfen da sababbin kaya ke zubarwa.

A tayar da inji ya ɗumama, a kashe, a kwance notin ƙasa a bar mai ya tsiyaye sosai. A duba notin da man: ƙyalli kamar garin zinariya ko azurfa alama ce metal, wato faifan ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa, ya fara ci. A cire filta, a tabbatar tsohuwar robarta ba ta manne a jikin inji ba, a shafa wa robar sabuwar ɗan mai, a ɗaure da hannu, bayan ta taɓa a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. A zuba mai, inji mai silinda huɗu yakan ci lita 7 zuwa 8. A tayar, a ga fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, a kashe, a jira minti biyar a sake aunawa. Duk juye da filtarsa. Tsohon man a tara shi a jarka, kada a zubar kusa da rijiya ko hanyar ruwan fadama.

Inda aka fi yin kuskure shi ne bayan tarakta. A mota, giya da manta, aksul da nasa, birki da nasa, sitiyari da nasa. A taraktoci da yawa mai ɗaya ne, wanda yakan haura lita 30, yake shafa giya, ya shafa aksul ɗin baya, ya ɗaga garma, sannan birki yana nutse a cikinsa. Man da aka yi don wannan aikin shi ne wanda ake rubuta wa UTTO, ko STOU wanda ke shiga har inji. Idan bakanike ya zuba man giya mai kauri irin na babbar mota, famfon haidrolik zai wahala wajen zuƙa da safe, garma ta riƙa tashi a hankali, birki ya fara kuka. Idan ya zuba man haidrolik zalla irin na tifa, haƙoran giya ba su samu kariyar da suke buƙata ba. Akwai tsofaffin taraktoci masu busasshen birki da littafinsu ya yarda da wani man daban, don haka a duba littafin samfurin da ke hannu. Ana canza wannan man a wajen awa 1,000 ko sau ɗaya a shekara, a wanke ragar da ke bakin famfo, a canza filta idan akwai.

Idan man ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. Hanyar da ya fi bi ita ce yagaggiyar robar gindin sandar giya, ruwan sama ya bi sandar ya gangara, ko kuma sil ɗin aksul ga masu aikin shinkafa cikin ruwa a wurare irin su Kadawa da Bakolori. Robar ba ta da tsada, famfon da take karewa yana da ita. Haka nan man birki: wasu taraktoci ba sa amfani da DOT 3 ko DOT 4 irin na mota, man ma'adini suke sha, kuma idan aka musanya, robobin birki za su kumbura. Abin da ya dace yana rubuce a murfin.

Tiyon haidrolik da ake zargin yana yoyo ba a lalube shi da hannu. Ƙarfin man yakan kai bar 180 zuwa 200, kuma ramin da ido ba ya gani yana iya harba mai cikin tsoka. A yi amfani da guntun kwali. Wanda hakan ya same shi asibiti za a kai shi nan take, ko da wurin bai nuna komai ba. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin haro ko garmar da haidrolik kaɗai ke riƙe da ita.

Zafi

Lagireton mota yakan toshe daga ciki, na tarakta daga waje yake fara toshewa: ƙaiƙayi, ganye, ƙura. Tunda ba gudu take ba, fanka ce kaɗai ke ja mata iska. A cire ragar gaba a kakkaɓe, a hura iska ko ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje, wato a mayar da dattin ta inda ya shigo. Ba a tsokale shi da waya. A lokacin girbi da sussuka ana iya yin haka sau biyu a rana.

Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin dutse a cikin bututu, ruwa zalla kuma yana kawo tsatsa. A injunan da hannun silinda ke taɓa ruwa kai tsaye, ƙananan kumfa suna fashewa a jikinsa suna ƙwaƙule shi har ya huje, ruwa ya sauka cikin mai. Ruwan lagireto na galan yana da sinadarin da ke hana wannan, ba don ƙasashen ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba. A canza shi duk shekara biyu. Al'adar cire tamostat da sunan ƙasarmu akwai zafi ba ta magance komai. Inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, gas ba ya ƙonewa sosai, kuma ainihin abin da ya kawo zafin, ko toshewa ko fambel ko murfin da ya saki, yana nan ba a taɓa shi ba. Idan allura ta hau ja, a sauke kaya, a bar inji yana juyawa a hankali in dai fambel bai tsinke ba kuma ruwa bai zube ba. Ba a buɗe murfi da zafi, ba a kwara wa inji ruwan sanyi, kan silinda yana iya tsagewa. Tarakta mai turbo kuma a bar ta ta yi minti biyu ko uku a hankali kafin a kashe.

Taya, birki da kuloci

Mai faci da ya saba da mota zai so ya ɗura wa tayar baya psi 30 ko 35. Wannan ya yi yawa. Tayar bayan tarakta a gona takan zauna tsakanin psi 12 zuwa 20, gwargwadon girmanta da nauyin da take ɗauke da shi. Ƙananan tayoyin gaba ne ke kaiwa wajen 30. Iska mai yawa tana rage faɗin da taya ke kamawa, sai ta riƙa murzawa a banza, tana cin gas da haƙora. Iska kaɗan tana tsattsage gefe. Haƙoran tayar baya, idan ka kalle su daga sama, tsininsu gaba yake kallo.

Ana auna murzawar haka: a yi wa tayar baya alama da alli, a sauke haro ana aiki, a ƙirga zagaye 10, a kafa tsinke a farko da ƙarshe. A ɗaga haro a sake bin wannan tazarar ana ƙirgawa. Idan zagaye 8 da rabi aka samu, murzawar kashi 15 cikin 100 ce. Tsakanin 10 zuwa 15 shi ne daidai ga tarakta mai ja da baya kaɗai. Idan ya wuce, a ƙara nauyi, ko da ƙarfe ko da ruwa a cikin taya. A juya bakin iskar ya koma sama, a zuba ruwa har ya kai bakin, wato kashi uku cikin huɗu, sauran a cika da iska. Mu da ba mu da ƙanƙara, ruwa mai tsabta ya wadatar.

Birkin tarakta biyu ne, hagu da dama, don juyawa a bakin gona. Ɗaya yakan fi ɗaya cinyewa, saboda haka a riƙa daidaita su, kuma kafin a hau titi a haɗa su da sakatarsu. Taka ɗaya a kan gudu da tirela a baya yana kifar da tarakta. Kuloci yana da ɗan wasa a sama kafin ya fara kamawa, kamar santimita 2 zuwa 3 a samfura da yawa. Idan wasan ya ɓace, a gyara a sandarsa tun kafin faranti ya ƙone. Direban da ke ɗora ƙafa a kai duk wuni yana kashe boris ɗinsa, kuma canza kulocin tarakta sai an raba ta gida biyu.

Sandar PTO da ke bayan tarakta, wadda ke juya na'urorin da ake ɗaura mata, tana juyawa sau 540 a minti, wato sau 9 a daƙiƙa. Idan ta kama gefen babbar riga ko jelar rawani, ba mai saurin kashewa. Murfinta ba ado ba ne, a bar shi a kai, a yi aiki da kaya masu kama jiki. Notin da ke tsinkewa idan rotabeta, wato na'urar farfasa ƙasa, ta daki dutse an yi shi ne don ya tsinke. Wanda ya musanya shi da noti mai tauri, giya ce za ta karye a madadinsa. Ana jan kaya daga ƙarfen ja na ƙasa kawai, domin ɗaure sarƙa sama da aksul yana ɗaga gaban tarakta ya kifo ta baya. Kuma a daina tayar da inji da sukudireba a jikin kik mutum yana tsaye gaban tayar baya. In tana cikin giya, shi za ta fara takawa.

Mota ita ma tana da nata wahalhalun da tarakta ba ta sani ba, galibi na hanya ne: shokazoba, bushin, saitin tayoyi, fulogi, man giyar otomatik, na'urar sanyaya ɗaki, da bel ɗin tayimin da ake canzawa kafin ya tsinke, alhali yawancin injunan tarakta haƙora ne ke yi musu wannan aikin. A hanyoyinmu masu ƙura da cunkoso, juyen mota a kilomita 5,000 ya fi aminci ga mai amfani da man gama-gari. Babbar mota irin Kanta (Canter) tana tsakiya: injinta na gas ne, tana da kan giris, tana son kulawar gas irin ta tarakta, amma lissafinta na kilomita ne.

Hayaƙin salansa yana ba da labari a duka biyun. Baƙi yana nufin gas ko fetur ya fi iska yawa: filta ta toshe, nozul ya lalace, ko kaya ya fi ƙarfin giyar da aka saka. Shuɗi baƙin mai ne yake ƙonewa. Fari da sassafe wanda ya wuce bayan minti kaɗan ba komai, amma idan ya ƙi wucewa kuma ruwan lagireto yana raguwa, a duba gasket.

Ajiya bayan kaka

Mota ba ta hutawa, tarakta kuwa, in ba mai noman rani ba, tana iya yin wata huɗu ko biyar a tsaye, kuma zaman nan yana lalata ta. A wanke ta, a kankare taɓon da ya bushe a rim da ƙarƙashi. A yi juye kafin a ajiye, ba bayan an tashe ta ba, domin tsohon mai yana ɗauke da tsami da ke cin metal yana kwance. A cika tanki, a ba kowane kai giris, a sauke haro ƙasa, a shafe fayafayansa da sandunan haidrolik da suka fito waje. A cire batir, a fara da wayar da ke zuwa jiki, a ajiye shi a inuwa, a riƙa yi masa caji duk wata. Cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6, kuma ruwan batir ake ƙara masa, ba asid ba. A danne kuloci a tokare shi don kada faranti ya manne. A kife gwangwani a bakin salansa, a toshe bakin shan iska saboda zanzaro, a rataya takarda a sitiyari don a tuna a buɗe. A nisanta ta daga rumbu da buhunan hatsi, ɓeraye suna cin waya. Idan ba rumfa, a rufe tayoyi, a ɗora aksul a kan itace.

A tashe ta tun watan Maris ko farkon Afrilu. A buɗe abin da aka toshe, a mayar da batir, a duba mai da ruwa, a tayar a bar ta ta ɗumama, a gwada ɗagawa da saukewa, birki, fitilu da PTO, sannan a ɗaura haro a yi awa ɗaya a fili ana saurare. A lokacin ne ake kiran bakanike ya saita bawul ya gwada nozul idan awa 1,000 ta cika. Kafin ruwan farko, a tanadi filtar mai biyu, filtar gas biyu, filtar iska ɗaya, fambel, galan ɗin baƙin mai, giris, boris ɗin haro, da fil-fil na hannayen garma, a zuba su a akwati ɗaya da ke bin tarakta duk gonar da za ta.